Itacen Ranar Juma'a

Ni ba mai riƙo ba ce. In aka ɓata mini rai nan take nake zazzage abin da ke cikina, gobe mu gaisa a wuce wurin. Amma akwai abu guda da ya same ni a sana'ar itace wanda ko na tsufa na ruɗe har na manta sunayen jikokina, shi kam ba zai fita daga kaina ba. An fi shekara goma yanzu.

A lokacin ina sayar da itace a ƙofar gidanmu a unguwar Kara-Kara. Maigidana direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Agadas, sai ya yi wata guda ban ga ƙeyarsa ba, don haka cefane da sabulu da kuɗin lakwal, wato makarantar boko, na 'yan matana duk daga gindin rumfar nan suke fitowa. Wani dattijo daga Dogo, wanda kowa ke ce wa Baba, shi ke kawo mini kaya a amalanken shanunsa. In ya iso sai in zagaya amalanken, in ɗaga na sama in leƙa na ƙasa, don na san halin masu kawo itace, kirya a sama, ɗanyen sabara a ƙasa. Baba bai taɓa yi mini haka ba, ni ma ban taɓa fasa dubawa ba, sai ya tsaya yana taunar goro yana yi mini dariya. Mu yi ciniki, in kira mai faskare, sannan in kasa: kashin dala goma, na dala ashirin, na dala hamsin ga mai babbar tukunya. Kirya da marke sun fi tsada don suna barin garwashi, sabara da kalgo kuwa na mai sauri ne, su ci bal-bal su mutu. Kowace ta saya ina ɗora mata 'yan ƙirare gyara. Masu sayen itace da yawa kuma Baba ne ke sauke musu har gida kafin ya juya.

Ba ni kaɗai ke sayar da itace a unguwar ba, muna da yawa. Abin da ya sa mata ke tsallake wasu su zo wurina shi ne an san ba na cusa ɗanye a tsakiyar kashi, kuma ba na sayar da abin da ba zan hura a murhuna ba. Wannan shaidar ita ce jarina, in ta tafi ba ni da wani. Babbar mai sayena kuwa ƙawata ce, mai tuwo a bakin tasha. Shekara guda aka kawo mu unguwar muna amare, tare muka yi goyo, ba abin da ke cikin ɗakina da ba ta sani ba.

Shekarar da nake ba ku labari, Layya ta faɗo daidai lokacin kaka. Kun san yadda muke yi a Damagaram, a feɗe rago a buɗe shi a kan sanduna, a kafa raguna kewaye da babbar wuta, maza su wuni suna juyawa. Wutar nan itace take ci ba na wasa ba, kuma a 'yan kwanakin nan ne mai itace ke samun abin da za ta ja shekara da shi. Gidaje suka fara aiko mini, a ajiye mana kaza, a ajiye mana kaza. Ga shi kuma duk amalanken ƙauye sun koma jidar hatsi daga gona. Baba ya aiko cewa sai ya gama shigar da dammunansa rumbu. Itace ya yi tsada a Kasuwar Dole har sai mutum ya riƙe baki, rumfata kuwa saura 'yan guntaye.

Ana cikin haka, wata Juma'a, maza sun tafi masallaci, unguwa ta yi tsit, sai na ji sallama a ƙofa. Wani mutum ne siriri, ba yaro ba kuma ba tsoho ba, ya ja rawani ya rufe baki, yana janye da jaki ɗauke da buhuna biyu. Na zaci gawayi ne, na ce ba na saye.

Ya ce, "Itace ne, uwar gida. Maigidan yana ciki?"

Na ce, "Da maigidan za ka yi ciniki ko da ni?"

Ya kwance bakin buhu. Ku dai bari! Zallar kirya da marke, busassu ƙayau, miƙaƙƙu, duk tsawonsu ɗaya kamar an auna da igiya, ba su kai kamu biyu ba. Ko gatari ba sa buƙata, daga buhu sai murhu. Da ya faɗi kuɗin sai da na sake tambaya, don bai kai rabin yadda ake sayarwa a kasuwa ba. Ni kuwa tun ina yarinya, in aka yi mini sauƙin da ban roƙa ba gabana faɗuwa yake.

Na ce, "Malam, wa ke zuba itace a buhu? Daga ina ka samo?"

Ya ce daga Gidimuni, wai wani mai lambu ne a bakin tafki ya tayar da shingensa ya ce ya kwashe. Na ɗauki guda na juya. Akwai busasshiyar laka a jikinsa, an kankare amma ba ta fita duka ba, har da 'yan ciyayi maƙale a ciki. Na ce masa itacen shinge gindinsa ake binnewa, wannan kuwa lakar a gefe ɗaya take, daga kai har gindi. Bai ko ƙifta ido ba ya ce a kwance aka tara su a bakin ruwa. Maganar ba ta zauna mini ba, amma ga gidaje na jira, ga rumfa wayam. Na saya.

Sai dai ban kasa shi a waje ba. Zargina na farko shi ne daga gandun daji aka sato, kuma ba na so ma'aikatan gandun daji su zo su tsaya mini a ƙofa da kakinsu. Na shigar da shi cikin gida, na jibge bayan ɗakin girki inda ba namijin da ke shiga, ina ɗebowa kaɗan-kaɗan ina miƙa wa mata. Mata kuwa suka yaba. Ƙawata ta ce rabon da ta ga itace mai riƙe wuta haka an daɗe. Ta tambaye ni wa ya kawo, na ce wani mai jaki ne da ya zo ran Juma'a.

Juma'ar da ta biyo ya dawo, wadda ta biyo bayanta ma haka, kullum daidai lokacin da aka fara huɗuba, kullum kuma kafin ya kwance buhu sai ya tambaya ko maigida yana ciki. Na ce a raina ko dai ɓarawo ne yana auna gidan, ko kuma irin mazan nan ne da ke shinshinar gidan da maigida ke tafiye-tafiye. Na dubi kaina a madubi na ce in dai na biyun ne, to idonsa na buƙatar likita. Duk da haka na kwashe 'yan zinaraina na kai wa yayata ajiya, na jingina taɓarya bayan ƙofa.

Wata ranar na tambaye shi me ya hana shi kai kayan Kasuwar Dole inda zai sami ninki biyu. Ya ce ba ya son hayaniyar maza. Na sake tambayarsa daga ina, kamar na manta, ya ce daga wajen Mirya.

Na ce, "Af, ba Gidimuni ba kuma?"

Ya ce, "Can ma akwai."

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ranar da na zuba masa dambu. Na ga ya sha rana, na ce ko banza baƙo ne. Har ya miƙa hannu zai karɓi kwanon, sai ya ɗaga kai ya dubi hayaƙin da ke tashi ta saman katangata, ya ce, "Da wanne kika dafa?" Na ce da naka mana, da wanne zan dafa? Ya janye hannu ya ce ya tuna yana azumi.

Na ce, "Tabɗi! Azumi ran Juma'a, ga liman na huɗuba kai kana yawo da jaki?"

Ya ce shi matafiyi ne, ya karɓi kuɗinsa ya ja jakinsa ko waiwaye babu.

Daga ranar barcina ya ragu. Mutumin da ba zai ci abin da aka dafa da itacensa ba, ai ya san wani abu. Na ce ko itacen wata bishiya mai dafi ne aka cakuɗa, na hura na shinshina hayaƙin, na ba kaji tuwon kafin in ba yara, kaji suka ci suka ƙara ƙiba. Na ce ko wata cikin masu itacen unguwa ce ta turo shi da asiri don ta kore mini masu saye, na yi kwanaki ina hararar baiwar Allah wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Na ɗauki guda a cikin mayafi na nuna wa yayata, na nuna wa wata tsohuwa mai faɗin ta san kowace bishiya, na nuna wa matan da muka haɗu a gidan suna. Kowace ta juya ta ce kirya ce mai kyau, ki gode wa Allah. Duk waɗanda na tambaya mata ne, amma a lokacin ban lura da haka ba. Ni dai na daina dafawa da shi, na rage sayarwa, na ce sauran in tara wa gidajen Layya tunda su a fili za su hura. A kwanakin nan kuma na ga ƙawata ta rage aiko yara ɗaukar itace, na ce ko ciniki ne ya ja mata baya.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah, ran wata Laraba, sai ga Baba da amalanke. Abin da ya kawo ba zai ishi ko rabin gidajen ba. Na ce masa kada ya damu, ina da wani a ciki, ya zo ya ɗora ya rarraba mini gida-gida. Da yake tsoho ne, uba ne a wurina, na ce ya shigo har bayan ɗakin girki.

Ya tsaya a kan tarin itacen nan ya daina taunar goro. Ya sunkuya ya ɗauki guda, ya juya, ya kankari lakar da farce. Sai ya mayar a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ya goge hannunsa a jikin riga.

Ya ce, "Wa ya kawo miki wannan?"

Na gaya masa. Ya ce, "Ba zan ɗora shi a amalankena ba."

Nan take na hau. Na ce, "Haba Baba! Don ban jira ka ba? Kana can kana jidar hatsi, ni in zauna in ci ƙasa? In kishi ne ka faɗa, kuɗin dakonka ba zai ragu ba."

Ya ɗebi itacen ya nufi 'yar kwatar da ke tsakar gidanmu, wadda ruwan wanke-wanke ke bi. Ya tsuguna ya fara jera su a gicciye a kanta, ɗaya manne da ɗaya, ba ya barin kafa, kowanne gefen lakar na kallon sama. Suka zauna daram kamar don wurin aka yanke su. Ya miƙa hannu ya ɗebo ciyawar akuyata ya baza a kai. Sannan ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Daga nan sai a liƙe da laka, sai a mai da ƙasa. 'Yata, ke mace ce, in an fita da gawa iyakarki ƙofar gida. Ni da hannuna na jera irin wannan a kan mahaifina, na jera a kan matata. Itacen kabari ne. Kuma ba sabo ba ne, an riga an rufe mutum da shi."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na tuna dambun nan, na tuna tuwon da na tuƙa wa 'ya'yana, na tuna matan unguwa suna yaba mini. Na rarrafa bakin kwatar na yi ta amai, shi kuma yana kwashe itacen daga kai don kada ya ɓaci. Da na samu numfashi na tambaye shi, in aka zare itacen me ke faruwa? Ya ce ƙasa ta rufta a kan mai shi.

A nan komai ya fito mini fili. Ranar Juma'a, da buhu, da tambayar maigida, duk idon namiji yake gudu. Ni kuma da wayona na taya shi, na ɓoye masa kayan a inda ba namijin da zai gani. Da Baba ya ɗora ya rarraba, da ranar Sallah maza za su tsuguna haɗa wuta su gane shi a gidaje goma lokaci guda, kowanne kuma ya san daga rumfar wa ya fito.

Baba ya ce, "Hanya biyu ce. Ko ki haƙa rami ki binne ki yi shiru, ba mai ji daga bakina. Ko ki je wurin Malam, limamin unguwa. Ni ba zan zaɓa miki ba."

Kafin in je wurin kowa, bayan la'asar na nufi tasha, don na ga bai kamata ƙawata ta ji a bakin wani ba. Ina fara magana ta damƙi hannuna ta ja ni bayan zana, nesa da masu cin tuwo.

Ta ce, "Don girman Allah ki rufa mini asiri. In aka ji, wa zai ƙara sa hannu a tuwona? Kin san mijina na kwance, maganinsa daga tukunyar nan yake fitowa. Ki binne abinki mu yi shiru."

Na ce, "Jibi zai dawo da wasu buhunan. Daga kan wa kike tsammanin zai zaro su?"

Ta ce, "Ki ce masa kin daina saye, shi ke nan."

Na ce, "Ya kai wa wata ke nan."

Na rantse mata ba zan ambaci sunanta ba. Ta ce ko ban ambata ba, wa bai san a wurina take saye ba? Gaskiya ta faɗa. Na baro ta tana share hawaye da bakin zani, wani na ƙwala mata kira a ƙara masa miya.

Ba zan ce muku shawarar ta zo mini da sauƙi ba. Na san in na buɗe baki shaidar da na yi shekaru ina tarawa ta tafi, har da ta ƙawata. Amma duk lokacin da na ce bari in binne, sai in ga Baba tsugune yana jera itacen nan. Washegari da safe na je gidan limamin unguwa, na durƙusa na ce, Allah gafarta Malam, ga abin da ke cikin gidana. Ya kira mai unguwa, suka zo suka gani da idonsu. Liman ya daɗe yana salati. Aka shirya cewa ran Juma'a 'yan sanda biyu daga komisariya za su zo cikin farin kaya su zauna a zaurenmu, in mutumin ya kwance buhu su fito.

Juma'a ta zo. Maza suka tafi masallaci, na zauna a rumfa, duk kukan jakin da na ji sai in miƙe. Aka idar da salla, maza suka dawo, aka kira la'asar. Mutumin nan bai zo ba.

Wayyo, a nan zargi ya juyo kaina. Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya fito yana kaɗe wando ya ce, "Madam, wannan mai jakin, akwai wanda ya taɓa ganinsa ban da ke?" Na ce maƙwabta mata sun gan shi. Ya ce ya sunansa, na ce ban sani ba. Kamanninsa fa, na ce rawani ya rufe baki. Suka dubi juna. Aka kai ni komisariya aka yi ta juya mini tambaya guda kamar waina, sai da liman da mai unguwa suka tsaya mini cewa ni na kai ƙara da ƙafata sannan aka sake ni. Ina hanyar gida ina lissafin waɗanda suka san da maganar: Baba, liman, mai unguwa, ƙawata. Wallahi ba wanda ban zarga ba a cikinsu, har Baba, Allah ya yafe mini.

Washegari aka mai da itacen. Wannan karon Baba ya yarda ya ɗora, ya shimfiɗa tabarma a ƙasan amalanken kafin ya jera. Liman ya ce in zauna gida, na ce a'a, daga hannuna ya fito. Na bi bayan amalanken da rana tsaka, mata na leƙe ta kan katanga, samarin da ke zaman shayi a bakin hanya suna bina da ido. A bakin maƙabarta na tsaya, maza suka shiga tare da masu haƙa. Can ƙarshen wurin, ta wajen duwatsu inda ba a cika zuwa ba, suka tarar da kaburbura sun lotsa, an mai da ƙasa a kai an shafe don kada a gane. Aka aika aka kira masu su. Ina tsaye a waje na jiyo kukan wani babban mutum, irin kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Da suka fito ba wanda ya dube ni, sai wani saurayi da ya tsaya a gabana ya ce Allah ya isa, aka ja shi aka tafi.

Sallar nan ban sayar da ko kashi ɗaya ba. Duk gidajen da suka ce a ajiye musu suka aiko cewa sun samu a wani wuri. Ranar rabon nama, da a da sai na rasa inda zan sa kwanuka, shekarar nan ko ƙashi ba a aiko ba. A lakwal aka sa wa 'yan matana 'ya'yan mai itacen kabari, ƙaramar ta yi sati tana ƙin zuwa. Maigida ya dawo ya ce in bar sana'ar, na ce in na bari yanzu na amsa laifin ke nan. Baba ya ci gaba da kawowa, ni kuma in kasa in zauna in yi ta korar ƙuda. Liman ya yi magana a masallaci cewa ni na tona, wannan ya taimaka. A hankali wasu suka dawo, wasu kuwa har yau in sun zo wucewa ta rumfata tsallaka titi suke yi. Ƙawata ma ciniki ya mutu mata, ta kwashe tukwanenta ta koma wata tashar. Ta daina gaishe ni, ni ma da zafin raina na daina.

An fi shekara muna haka, sai aka ce mijinta ya rasu. Na yafa mayafi na tafi gaisuwa, don gaba ba ta hana wannan. Ranar sadakar uku ce, ɗaki cike da mata. Tana ganina ta tashi ta kama hannuna ta shigar da ni ƙuryar ɗaki ta saki labule. Ta rame, idanunta sun faɗa.

Ta ce, "Ni na gaya masa."

Na ce, "Wa?"

Ta ce, "Mai jakin. Tun da kika ce mini ran Juma'a yake zuwa na tare shi a hanya, na riƙa saye a wurinsa ta bayanki. Ta gidana yake fara biyowa. Na san in aka kama shi zai ambace ni, shi ya sa ranar na ce masa kada ya ƙarasa, ana jiransa."

Shekara guda ina tara maganganun da zan watsa wa duk wanda ya yi mini wannan. Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

Ta ce, "Yanzu ga shi an kai mini mijina can maƙabartar, mutumin kuma yana nan yana yawo, ni na sake shi. Tun da aka fita da shi ban runtsa ba. Ina rufe ido sai in ga jakin nan tsaye a bakin maƙabarta. Ni ba zan iya shiga in duba ba, ɗana kuma ƙarami ne. Wa zan aika? Me zan ce masa?"

Ta zube a jikina tana kuka. Haushinta na nan a raina, ba zan ɓoye muku ba, amma tausayinta ya fi shi nauyi. Na ce ta tashi ta sha ruwa. Da maigidana ya dawo daga tafiya na roƙe shi, duk Juma'ar da yake gari in an sauko daga masallaci ya biya ya duba kabarin, in ba ya nan ƙanensa ya je. Sun yi haka har damina biyu. Mai jakin kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ban sani ba ko wata can a wata unguwar tana nan tana yaba kyan itacensa.

Abin da na koya, zargi kaɗai ba ya tsare mutum. Na yi zargi har na rame, amma ina ta tambayar waɗanda idonsu bai ga abin da nawa bai gani ba. Duk wanda ya zaɓi lokacin da ba kowa don ya yi ciniki da ke, akwai idon da yake gudu, ki nemo mai wannan idon ki nuna masa kayan kafin ki biya. In kuma kin gano mugu, kada ki buɗe masa hanya don ki tsira da naki, domin ba ki san ƙofar da zai tsaya gobe ba.